Bitar Kwana Uku da Mutum Biyar Suka Kankane: Nazarin Lamari

Asalin lamarin

Wani kamfani mai rassa huɗu ya sauya hanyar karɓar ƙorafin abokan cinikinsa. A da, duk ma'aikacin da aka kawo wa ƙorafi yakan shigar da shi cikin babban littafi mai gurbi biyar: kwanan wata, sunan mai ƙorafi, abin da ya faru, matakin da aka ɗauka, sai sa hannun shugaban reshe. Sabon tsarin kuwa fom ne mai gurbi 14. Ya kasa ƙorafi kashi uku gwargwadon gaggawarsa, kowane kashi da wa'adin mayar da amsarsa: awa 24, kwana 3, ko kwana 10. Gurbi na 12 yana neman sunan ma'aikacin da ya karɓi ƙorafin.

Kamfanin ya ɗauko wata mai horarwa daga waje, wadda ta shekara shida tana wannan aiki, tare da mataimakinta, don ta koya wa ma'aikata sabon tsarin. An ba ta kwana uku, daga ƙarfe 9:00 na safe zuwa 4:00 na yamma, da hutun awa ɗaya da ƙarfe 1:00. Mahalarta 28 ne, bakwai daga kowane reshe: shugaban reshen da ma'aikata shida. Tara daga cikinsu ba su cika shekara da fara aiki ba, wasu kuma sun haura shekara 15.

Mako uku kafin bitar ta zauna da daraktan gudanarwa na minti 40. Shi ya ba ta jerin batutuwa 12, ta raba su huɗu-huɗu, ta shirya shafukan majigi 110. Ba ta gana da ko mutum ɗaya daga cikin mahalartan ba, ba ta kuma ga takardar gayyatar da aka aika musu ba. Sai daga baya ta san cewa layi biyu ne kacal a cikinta: wuri da lokaci, da kuma cewa halarta dole ce.

Rana ta farko, da safe

An jera kujerun zauren layi huɗu, duka suna kallon allon majigi. Shugabannin rassa suka zauna a layin gaba, sababbin ma'aikata suka cika na baya. Ba a fara ba sai 9:35, domin mutanen reshe ɗaya sun makara. Gabatar da kai ɗaya bayan ɗaya ya ci minti 40. Daga nan aka tsara ƙa'idojin zama: a kashe ƙarar waya, a ɗaga hannu kafin magana, a girmama ra'ayin kowa, a kiyaye lokaci. Kowa ya gyaɗa kai, aka manna takardar a bango.

Da aka shiga darasi, duk tambayar da ta jefa wa zauren, shugaban reshen da ya fi kowa daɗewa a kamfanin ne ke cafe ta, tun kafin ta rufe baki. Ba shirme yake faɗa ba, ya san aikin ciki da waje. Sai dai kowace amsa tana cin minti uku ko huɗu, haɗe da labarin yadda ake yi a da. In ya gama, shugabanni biyu su ɗora nasu, sai wasu tsofaffin hannu biyu su cike. Shugaban reshe na huɗu bai ce uffan ba, idonsa na kan waya.

Ta gwada abubuwa uku. Ta tuna wa zauren ƙa'idar ɗaga hannu, sai dattijon ya zama shi ne mai fara ɗagawa. Ta ce tana son jin ta bakin mutanen baya, aka yi tsit, bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ta amsa da kanta ko ta koma kansa. Sannan ta karanta sunan wata sabuwar ma'aikaciya a katin ƙirjinta ta kira ta. Yarinyar ta miƙe, ta dubi ƙeyar shugabanta, ta ce ita ma ra'ayinta ɗaya da na yallaɓai, ta zauna. Daga wannan lokaci mutanen layin baya suka daina yarda su haɗa ido da ita.

Ƙarfe 1:00 ta yi an gama batu ɗaya da rabi cikin huɗu.

Rana ta farko, bayan hutu

Don ta cike giɓin, ta ƙara sauri. An rage hasken zauren saboda majigi, ta bi shafuka 38 cikin minti 50. Mutum huɗu suna gyangyaɗi, wasu suna ƙus-ƙus. Ta tsayar da darasi ta kawo wasan motsa jiki, na miƙewa tsaye ana jefa wa juna ƙwallo. Matasan suka miƙe suna dariya, shugabanni suka ci gaba da zama sun harɗe hannuwa. Ganin haka, matasan suka koma kujerunsu ɗaya bayan ɗaya.

Da ƙarfe 3:00 ta raba su rukuni huɗu, kowane reshe da shugabansa. Da baki ta ba da umarnin: su tattauna matsalolin da suke ganin za su taso a sabon tsarin, su kawo rahoto. Ba ta faɗi minti nawa ba, ba ta faɗi yawan abin da za a rubuta ba. A rukuni uku shugaba ne ke magana, mutum ɗaya na rubutu, biyar na kallo. Rukuni na huɗu ya ɓata minti takwas yana gardamar mene ne ma aka ce a yi. Gabatar da rahoto ya ci rabin awa, kuma kusan abu ɗaya kowane rukuni ya maimaita.

Kafin a tashi ta yi abu biyu da ta saba yi a ƙarshen kowace rana. Ta raba wani ƙorafi na gwaji a rubuce, ta ce kowa ya cike fom da shi. Ta kuma ba kowa farin kati, ba suna, ya rubuta abu ɗaya da ya amfane shi da abu ɗaya da ke damunsa. Mutum biyu sun riga sun fice, don haka 26 aka karɓa. An tashi 4:25.

Daren rana ta farko: abin da takardun suka nuna

Mataimakin ya wuni yana yin alama a jerin sunaye duk lokacin da wani ya yi magana a gaban zaure. Sau 61 aka yi magana. Mutum biyar ne suka yi 47 daga ciki, dattijon shi kaɗai 19. Mutum 15 ba su buɗe baki ba tun bayan gabatar da kai.

Fom 7 ne kawai aka cike daidai cikin 26. A cikin 19 da suka kuskure, 14 wuri ɗaya suka faɗi: bambance ƙorafin awa 24 da na kwana 3.

A katunan kuma, 17 sun taɓo gurbi na 12 ta fuska daban-daban: shin sunan da za a rubuta zai shiga fayil ɗin mutum, shin wanda ya fi karɓar ƙorafi shi za a ɗauka ya fi laifi. Duk wunin ba wanda ya furta wannan a zauren. Kati shida sun nuna masu su ba su san dalilin kiransu ba, biyu daga ciki sun ɗauka tantancewa ake yi don a rage ma'aikata.

A daren ta kira daraktan. Ta nemi izinin rage batutuwa daga 12 zuwa 5, sauran bakwai a mayar da su takarda mai shafi huɗu da za a raba. Ta kuma roƙe shi ya zo da kansa ya amsa maganar gurbi na 12, tunda ba huruminta ba ne. Ya amince zai zo a rana ta uku. Shafukan majigin da suka rage ta zaftare su zuwa 20.

Rana ta biyu, da safe

Kafin kowa ya iso an sake fasalin zauren: teburi bakwai, kowanne kujera huɗu. Shugabannin rassa teburinsu daban. Sauran shida an gauraya rassa, kuma kowane teburi yana da tsohon hannu da aƙalla sabon ma'aikaci ɗaya. Sunaye suna kan teburan, ba wanda ya zaɓi wurin zamansa.

Da ƙarfe 8:30 ta keɓe da dattijon. Ba ta ce masa ya cika magana ba. Ta ce, yallaɓai, akwai aikin da ba mai iya shi sai teburinku: a rubuta ƙorafi shida masu wuyar sha'ani daga waɗanda aka taɓa kawowa, a cire sunaye, don sauran su yi gwaji da su. Ta kuma roƙe shi ya riƙa yin magana a ƙarshe, bayan teburan sun faɗi nasu, ya nuna inda aka kauce. Ya karɓa, da alamar jin daɗi ma.

Minti goma na farko ta yi su kan abin da ya kamata takardar gayyata ta faɗa: me aka zo yi, me ba a zo yi ba, kuma ba sakamakon kowa da za a kai wa kamfani da suna. Ta karanta abin da katunan suka ƙunsa a dunƙule. Ta manna babbar takarda a bango don tambayoyin da suka fi ƙarfinta, ta sa gurbi na 12 a layin farko, ta rubuta a gefensa: darakta, gobe, 9:15.

Darasin ya koma gutsure-gutsure. Bayani ba ya wuce minti 12, sai tambaya ɗaya a rubuce a allo. Kowa ya yi minti biyu shiru yana rubuta amsarsa shi kaɗai, minti uku ya gwada ta da ta maƙwabcinsa, sannan teburi ya tsayar da amsa ɗaya. Wannan tsari na tunani, sai bibbiyu, sai zaure, Frank Lyman na Jami'ar Maryland a Amurka ne ya fito da shi a 1981, ita kuma ta ƙara masa rubutun. Ta daina kiran mutum da suna, teburi take kira. Aikin mai karantawa, mai rubutu, mai duba agogo da mai gabatarwa yana zagayawa a kowane darasi, ta yadda kafin a tashi kowa ya riƙe kowanne. In ta yi tambaya kuma, sai ta ƙirga biyar a zuci kafin ta sake magana.

Umarnin aikin rukuni ma ya koma allo, layi huɗu: abin da za a yi, minti nawa, abin da za a miƙa (takarda ɗaya, layi uku), da wanda zai gabatar. Kafin a fara sai ta sa wani ya maimaita umarnin da bakinsa.

Abu ɗaya bai gyaru ba a zagayen farko. Rahoton teburi bakwai ya ci minti 35, ya ma fi na jiya. A zagaye na biyu ta sa aka manna takardun a bango, aka yi minti goma ana zagayawa ana karantawa, sannan kowane teburi ya sami minti ɗaya ya faɗi abu guda da ba wanda ya riga ya faɗa. Wannan ya tsaya a minti 17.

Rana ta biyu, 11:20: cacar baki

Ana cikin aiki da ƙorafi na uku daga cikin shidan, wani tsohon ma'aikaci ya ce a gaban kowa, wani reshe ya saba turo musu abokan cinikin da shi ya ɓata wa rai. Shugaban wannan reshen ya mayar masa daga teburinsa, murya ta hau. Mai horarwar ta ce wannan ba ya cikin batun yau, a koma kan fom. Sai mutum na uku ya tsoma baki, ya ce ai in ba a warware wannan ba fom ɗin banza ne.

Ta sauya salo. Ta tako ta tsaya tsakanin teburan biyu, ta maimaita maganar kowannensu a jimla ɗaya ba tare da zafin da ke cikinta ba, ta tambayi kowa ko haka yake nufi. Duka suka ce e. Sannan ta rubuta a allo: in aka kawo wa reshe ƙorafi kan laifin wani reshe, wa zai cike fom, kuma wa'adin wa ke ƙirgawa? Aka duba fom ɗin da takardar bayaninsa, babu amsa a ciki. Tambayar ta zama ta biyu a takardar bango, aka tafi hutun minti goma. Rigimar ta ci minti 14.

Rana ta biyu, bayan hutu

Ba a kunna majigi ba sam. Kowane teburi ya yi kwaikwayo: ɗaya mai ƙorafi, ɗaya ma'aikaci da fom a hannu, biyu masu lura da jerin abubuwa biyar da za su duba. Minti shida kowane zagaye, zagaye huɗu. Mutum biyu suka ce ba za su yi kwaikwayo ba, ta bar su a matsayin masu lura, ba ta matsa ba. Ɗaya daga cikinsu ya shiga da kansa a zagaye na ƙarshe.

Lissafin mataimaki na ranar: mutum 22 cikin 28 sun yi magana a gaban zaure aƙalla sau ɗaya, dattijon sau 6. Shugaban reshe na huɗu bai dawo ba bayan hutun rana.

Rana ta uku

Daraktan ya zo 9:15, ya yi minti 20. Ya ce sunan da ke gurbi na 12 don a san wanda za a tuntuɓa ne in ana bin sawun ƙorafi, ba zai shiga auna ƙwazon ma'aikaci na ƙarshen shekara ba. Wata ma'aikaciya, wadda ba ta yi magana ko sau ɗaya ba a rana ta farko, ta tambaya ko za a ba su wannan a rubuce. Ya ce zai duba. Tambaya ta biyu ta takardar bango kuwa a take ya yanke ta: reshen da aka kawo wa ƙorafin shi zai cike fom, ya miƙa wa reshen da abin ya shafa cikin kwana ɗaya.

Bayan tafiyarsa aka rufe takardu, aka amsa tambayoyi goma kan darasin jiya da ka, sannan aka gama batutuwa biyu da suka rage. Gwajin ƙarshe ƙorafi ne daban amma wuyarsa ɗaya da na ranar farko: 22 cikin 27 suka cike daidai. A awa ta ƙarshe ne kawai aka mayar da kowa reshensa, tare da shugabansa, suka rubuta matakai uku da za su ɗauka cikin mako biyu, da sunan mai yi da ranar yi. Reshe na huɗu ya yi nasa ba shugaba. Takardar jin ra'ayi ta dawo da yabo kusan daga kowa.

Bayan mako shida

An zaro fom 20 daga kowane reshe ba tare da zaɓe ba. Waɗanda aka sa a kashin da ya dace kuma aka amsa cikin wa'adi: 18 a reshen dattijon, 16 da 15 a wasu biyun, 6 a reshe na huɗu. A can tsohon littafin yana nan kan teburi, a cikinsa ake rubutu, sai ƙarshen mako a kwafe zuwa fom. An bar gurbi na 12 fayau a fom 11 cikin 20 na wannan reshe, da 9 cikin 60 na sauran ukun. Takardar da aka nema daga darakta ba ta fito ba. Gurbi na 14, na rufe ƙorafi, wanda yana cikin batutuwa bakwai da aka mayar takarda, an yi kuskurensa a duka rassan huɗu.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

A ranar farko mai horarwar ta ɗauki matsalar a matsayin ta halin mutane: ga mai surutu, ga masu kunya, ga marasa sha'awa. Shi ya sa duk maganin da ta kawo roƙo ne ko tunatarwa, kuma ba wanda ya ci. Ƙa'idar ɗaga hannu tana fifita wanda amsarsa ke kan harshe. Kiran suna kuwa, ga ƙaramin ma'aikacin da shugabansa ke zaune gabansa kuma ya riga ya faɗi ra'ayinsa, tarko ne: ko ya maimaita, ko ya saɓa wa mai sa masa hannu a takardar hutu. Mutanen nan 28 ba su sauya hali cikin dare ɗaya ba. Wurin zama aka sauya, da wanda ke fara magana, da abin da ke hannun mutum lokacin da aka kira shi.

Rubutun minti biyu shi ne ya fi kowane mataki tasiri. Michael Diehl da Wolfgang Stroebe sun nuna a Jamus a 1987 cewa rukunin da ke kawo shawarwari da baki yana samar da ƙasa da abin da adadin mutanen za su samar in kowa ya yi shi kaɗai, kuma babban dalilin shi ne jiran layi: kana sauraron wani, naka tunanin ya tsere ko ka ga ya tsufa. Wanda ya riga ya rubuta, amsarsa tana nan ko dattijo ya yi minti huɗu. Ƙirga biyar ɗin ma yana da tushe. Binciken Mary Budd Rowe a azuzuwan kimiyya a farkon shekarun 1970 ya gano malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya ne bayan tambaya, kuma in jiran ya kai uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Shirun da ta riƙa gudu a ranar farko lokacin tunani ne take katsewa.

Dattijon bai buƙaci a rufe masa baki ba, wurin zuba saninsa ya rasa. Ƙorafe-ƙorafe shidan da teburinsa ya rubuta sun fi duk misalan da ta zo da su, kuma reshensa ne ya zo na ɗaya. Wasan ƙwallo ya faɗi ne domin ya nemi manya su zubar da girma a gaban na ƙasa da su ba tare da wata riba ba, alhali gyangyaɗin daga duhu da shafukan majigi 38 ya fito. Kwaikwayon rana ta biyu ya kori gyangyaɗin ba tare da wasan ƙwallo ba.

Kuskure mafi tsada an yi shi ne tun mako uku kafin a shiga zaure. Malcolm Knowles, wanda ya yi suna kan ilimin manya, ya sa buƙatar sanin dalilin koyo a cikin ginshiƙan yadda babba ke koyo. Waɗannan an kira su da layi biyu, wasu suna zaton korarsu za a yi. Kiran waya na minti goma-goma ga mutum huɗu ko biyar, da neman ganin takardar gayyata, da sun fito da maganar gurbi na 12 kafin a ɓata wuni guda. Katin da ba suna ya ceto lamarin, amma da yamma aka raba shi, ba da safe ba. Haka ma rigimar 11:20: cewa ba batun yau ba ne ya ƙara mata wuta, domin a gaskiya batun ne, giɓi ne a tsarin da ba wanda ya lura da shi.

Rage batutuwa zuwa biyar daidai ne, sai dai zaɓen bai cika ba. Gurbi na 14 ana cike shi a kowane fom, bai kamata ya koma takardar da ba a tabbatar an karanta ba.

Yabon takardar jin ra'ayi da sakamakon 22 cikin 27 su ne matakai biyu na farko a ma'aunin da Donald Kirkpatrick ya shimfiɗa a 1959: yadda mahalarta suka ji, da abin da suka koya. Mataki na uku, ko aikinsu ya sauya, shi ne binciken mako shida ya auna, kuma a nan reshe na huɗu ya rabu da sauran. Ma'aikatansa shida sun ci gwajin ƙarshe kamar kowa. Shugabansu ne bai zauna har ƙarshe ba, bai ji darakta ba, bai ɗauke littafin daga teburi ba. Shirunsa na ranar farko bai dami kowa ba domin ba ya hana darasi tafiya, duk hankali ya tafi kan mai yawan magana. An ba kamfanin shawara uku: ziyarar rabin wuni ga reshe na huɗu tare da shugabansa, darasin minti 30 kan gurbi na 14 a kowane reshe, da fitar da maganar darakta kan gurbi na 12 a rubuce. Lokacin haɗa wannan rahoto an yi na biyun, na farko an sa masa rana, na ukun yana nan yana jira.